Kayan kariya a wurin gini: amsa ga yarona

Ka ce mini: "Maigida, ga tsofaffin birkiloli nan sun yi shekara da shekaru suna aiki da silifas, ba safar hannu ba takunkumi, kuma ga su garau. Me ya sa ka matsa mini sai na sa waɗannan kaya, alhali zafi suke ƙara mini, suna kuma rage mini sauri?"

Yarona, waɗanda kake gani garau su ne suka rage a bakin aiki. Wanda ƙirjinsa ya gaza, da wanda ya faɗo daga dekin, suna gida, shi ya sa ba sa shiga lissafinka. Zafin da ka faɗa gaskiya ne, ni ma ina jin sa. Amma abin da ya fi damuna a kanka shi ne cutar da ba za ka ji ta yau ba, sai bayan shekaru.

Bari in fara da ƙura, don ita ce kowa ya fi rainawa. Idan ka ɗora giranda a kan bulo ko kankare ko tayil, farar ƙurar da ke tashi tana ɗauke da sinadarin silika. Mafi munin ɓurɓushinta ido ba ya gani. Yana wucewa har can cikin huhu ya zauna, huhun ya yi ta tabo yana ƙanƙancewa, har mutum ya kai hawa bene ɗaya ma sai ya tsaya yana haki. Likitoci suna kiran cutar silikosis, kuma ba ta da maganin warkewa. Ƙyallen da kake ɗaurawa a hanci ba ya tare wannan ƙura, haka ma takunkumin asibiti mai laushi. Nemi wanda aka rubuta wa N95 ko FFP2, in da hali FFP3, ka matse ƙarfen hancin har sai ka daina jin iska na fita ta gefe. Kafin takunkumin ma, a riƙa zuba ruwa a kan abin da ake yankawa, don ƙurar ta kwanta tun daga tushe. Tabarau kuma dole ne duk lokacin da faifan giranda ke juyawa.

Sai siminti. Kwaɓin siminti yana da kaifin sinadari sosai, ma'auninsa na pH yakan kai 12 zuwa 13, kuma yana cin fata a hankali ba tare da zafi nan take ba. Lebura zai wuni a cikin kankare ranar zuba dekin, kwaɓi ya shiga takalminsa, sai da dare ya ga ƙafa ta saɓule. Don haka safar roba mai kauri da dogon takalmin roba, ka saki ƙafar wando a kan takalmin don kada kwaɓi ya zuba ciki. In ya taɓa fata, wanke da ruwa mai yawa a take. In ido ne, a yi ta kwarara ruwa na aƙalla minti 15, sannan a wuce asibiti. Wuri ɗaya na hana ka safar hannu: kusa da injin da ke juyawa, don yana iya kama ta ya ja hannun ciki.

Hular kwano kuwa, ƙarfinta yana cikin igiyoyin da ke ciki. Tazarar da ke tsakanin kwanon da kanka ita ke shanye duka idan guduma ko guntun rodi ya faɗo. Kada ka cusa komai a wannan tazara, kada ka huda ta don shan iska. Wadda ta taɓa shan duka mai ƙarfi a canza ta, ko da ba a ga tsagewa ba.

Takalmi mai ƙarfe a baki da faranti a tafi yana kare ka daga faɗuwar bulo da ƙusar katakon dekin. Abin toshe kunne kuma, duk inda sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka, ƙarar ta kai wajen desibel 85 a ma'aunin ƙara, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa.

A sama ne ake yawan rasa rai a sana'armu. Bel ɗin kariya daga faɗowa da ka ɗaura amma ba ka maƙala igiyarsa a ko'ina ba, kwalliya ce kawai. Maƙala ta a wuri mai ƙarfi sama da kanka, ka tabbatar tsawonta ba zai bar ka ka taɓa ƙasa ba. Bel ɗin ma ba ya maye gurbin sikafol mai kyau, wato dandamalin da ake hawa a yi aiki a sama, mai cikakken katako da shinge a gefe.

Game da wanda zai saya, Yarjejeniya ta 167 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 1988, ta ɗora wa mai aiki samar da kayan kariya ba tare da an cire wa ma'aikaci komai ba. A hannuna kake, don haka ni zan ba ka. Gobe da safe kawo hularka da takunkuminka in duba yadda suka zauna maka kafin ka taɓa giranda.