Keken guragu ko sanda za mu saya wa Baba?

Wani ɗan'uwa daga Tudun Wada ya tambaya: Babanmu ya haura shekara 75, gwiwarsa ta dama na damunsa amma yana lallaɓawa masallacin ƙofar gida. Yayyena sun ce mu haɗa kuɗi mu saya mai keken guragu, ya kake gani?

Malam, in dai Baba na iya takawa har masallaci da ƙafarsa to don Allah kar ku ɗora shi a keke tukuna. Tsoho in ya daina taka ƙasa naman cinyarsa saurin saki yake yi, kafin ku ankara mutumin da ke fita Asuba da kansa sai an ciccibe shi zuwa bayi, kuma wallahi wannan ya fi ciwon gwiwar ci musu rai. Ku nemi sanda ta ƙarfe mai roba a gindi, irin wadda ake ƙara wa tsawo a rage, ku duba shagunan kayan asibiti a Sabon Gari. Ya tsaya da takalminsa ya saki hannu, mariƙin ya zo daidai wuyan hannunsa, kuma tunda ta dama ce ke ciwo a hagu zai riƙe, nan ne mutane da yawa ke yin kuskure. In robar ta cinye a canza, ta fi komai muhimmanci a kan siminti mai jiƙa.

Sauran kuɗin ku zuba a bayi, don can tsuguno da santsi ke haɗuwa. Kujerar nan mai rami da ake ɗorawa kan masai, ƙarfen dafawa a bango, da fitila mai caji kusa da shimfiɗarsa saboda fitsarin dare in an ɗauke wuta. In da hali ku kai shi asibitin koyarwa na ABU da ke Shika, Zariya, wajen masu gashin ƙashi su koya mai motsa gwiwar.

Wata baiwar Allah kuma daga Ƙofar Doka ta ce Hajiyarsu na da hawan jini, injin awo na wuyan hannu za ta saya ko na damtse?

Na damtse 'yar'uwa, ya fi ba da awo daidai, sai dai ki duba ɗamarar ta dace da kaurin hannunta, in ta matse lambar sama take hawa. Ki koya wa Hajiya dannawa da kanta, ta zauna ta huta minti 5 kafin awo, a rubuta a ɗan littafi a tafi da shi ranar ganin likita. Ko awon ya sauko ƙasa da 140/90 kar ta ajiye magani sai likita ya ce.