Sana'o'in kakanni a tsofaffin takardun ƙidaya: amsoshin tambayoyinku

Tambaya: Malam, a wata takardar ƙidaya ta zamanin En'e na ga an rubuta "masaki" a gaban sunan kakanmu. Shin ƙore yake sayarwa?

Amsa: A'a, kakanku masaƙi ne, mai saƙa. Haruffa masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ, ba su zauna a rubutun boko ba sai a shekarun 1930, kuma ko bayan nan malaman haraji da dama ba su kula da su ba. Saboda haka duk inda ka ga "makeri" ko "dan koli" a takardun ƙidayar 1921 ko 1931, ka mayar musu da ƙugiyarsu. Idan da ajami aka rubuta, to ka ƙara natsuwa, domin mai sauri yakan bar wasula, sai ka karanta da babbar murya kunnenka ya taimake ka.

Tambaya: An rubuta wa wani kakanmu "majemi", ɗan'uwansa kuma "baduku". Ba abu ɗaya ba ne?

Amsa: Ba ɗaya ba ne, kuma yana damuna ƙwarai yadda har masu magana a rediyo suke gwama su. Majemi shi ne mai karɓar ɗanyar fata daga mahauta, ya jiƙa ta a ruwan toka har gashin ya saki, ya kankare, sannan ya tsoma ta a ruwan bagaruwa, ya shanya. Daga nan aikinsa ya ƙare. Baduku ne yake sayen jemammiyar fatar ya yanka, ya ɗinka takalmi da gafaka da kube da rigar laya. Wanda ya taɓa wucewa ta majema ya shaƙi warin wurin ba zai sake haɗa ta da rumfar dukawa ba. Haka nan ake yi wa marini da mabugi, alhali ɗaya a bakin karofi yake yini hannunsa ya rine da baba, ɗayan kuwa yana zaune da guduma yana bugun yadin har ya yi sheƙi. Magatakardan da ya bambanta su a takarda ya san abin da yake yi, tunda a da har kuɗin karofi ake karɓa daban a ƙasar Kano.

Tambaya: Mene ne "farke"?

Amsa: Mai fatauci zuwa nesa, jam'insa fatake, wasu suna cewa falke. Jagoran ayarinsu shi ne madugu.

Tambaya: A gida ana ce mana zuriyar wanzamai ne mu, amma takarda ta ce "manomi". Wanne za mu ɗauka?

Amsa: Ku ɗauki duka biyun. Kusan kowa a karkara manomi ne da damina, sai rani ya koma ga sana'ar gado, mai rubutu kuwa sau da yawa gonar ya dubo. Ku tambayi tsofaffin gidan ko akwai zabira da ƙaho da aka gada.