Tambaya da Amsa: In an rufe boda masaƙunmu za su dawo?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni tela ne a Sabon Gari nan Zariya. Babanmu, Allah ya jiƙansa, a wata masaƙa ya yi aiki a Kakuri, da wannan albashin ya gina gidan da muke ciki a Tudun Wada har ya aurar da yayyenmu. Yau kusan duk yadin da ake kawo min ɗinki ɗan Chana ne, ga ɗinkakkun kaya da gwanjo sun cika kasuwa, yaran shagona ma da ƙyar nake sallamarsu. Don Allah me zai hana gwamnati ta rufe boda kawai kowa ya huta?

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya gafarta wa Baba. To ai an gwada, ko ka manta? A watan Agustan 2019 gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin ƙasa sai Disamban 2020 aka fara buɗewa. Manoman shinkafa sun ɗan dara, amma kai da kake auna mudu a kasuwa ka san yadda ta kaya, kuma ban ji an ce ko masaƙa ɗaya a Kakuri ta tashi saboda haka ba.

Gaskiya ne Chana ta yi mana illa. Ta shiga ƙungiyar ciniki ta duniya WTO a 2001, sannan a 2005 aka cire ƙa'idar da ta taƙaita yawan tufafin da ƙasa za ta iya fitarwa, daga nan kaya suka yi ta kwararowa, wasu ta tashar Kwatano su bi ta Nijar su shigo ta ɓarauniyar hanya har Kantin Kwari, wani lokacin ma da zanen atamfarmu aka kwaikwaya. Amma fa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Masaƙar KTL ta Kaduna da aka buɗe tun 1957 ta tsaya a 2002, masaƙar UNTL ta bi bayanta a 2007, kuma kafin nan ciwon ya daɗe a jiki. Tun SAP, shirin gyaran tattalin arziki na Babangida, a 1986 naira ta fara zubewa, kayan gyaran inji da sinadarin rini duk da dala ake sayo su, aka kuma rushe hukumar auduga, manomin Funtuwa da Giwa ya rasa mai ba shi iri da tsayayyen farashi sai ya koma masara, alhali ga Samaru nan kusa da kai inda masana suka yi ta fitar da irin auduga. Uwa uba wuta. Masaƙar da ke kwana kan baƙin mai da dizal ta yaya za ta yi gogayya da wadda ba a ɗauke mata wuta?

Batun albashi kuma nan ne abin ke ci min rai wallahi. Mafi ƙarancin albashi 30,000 ne a 2019, lokacin dala na wajen 360, kaga ya haura dala 80. A 2024 aka mai da shi 70,000 amma dala ta wuce 1,500, ko dala 50 bai kai ba. Mai wannan albashin shi ne kwastomanka, ba don yana ƙin ɗinkinka yake ɗaukar gwanjo ba, aljihun ne. In ka toshe masa mai araha alhali babu na gida, yadi zai yi tsada, mai ɗinka kala uku da sallah ya koma ɗaya, kai ɗin dai za a fara taɓawa.

Ni ina goyon bayan a sa wa yadin waje haraji, amma a haɗa da wuta da auduga da kwastan masu tsare hanya da gaske. Ka lissafa min kuɗin man janaretan shagonka na wata ɗaya da abin da kake biyan yaranka ka aiko, zan buga su a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.