Sayen bindigogi daga hannun 'yan bindiga zai rage kashe-kashe?

Tambaya: Malam, na ji an ce gwamnatin Ostireliya ta saye bindigogin jama'a, harbe-harbe suka ragu. Me zai hana a yi haka da 'yan bindigar dajinmu?

Amsa: Abin da ka ji haka yake. A watan Afrilun 1996 wani mutum ya harbe mutum 35 a Port Arthur da ke tsibirin Tasmaniya. Gwamnatin John Howard ta haramta bindigogi masu aman harsashi a jere, ta biya masu su kuɗi, ta karɓi kimanin 650,000 ta lalata. Sai dai ka lura, tare da sayen aka hana shigo da irinsu da sayar da su, ƙasar kuma teku ce ta kewaye ta. Akasarin waɗanda suka miƙa bindigogin mutane ne masu bin doka, irin su manoma da mafarauta.

Mu ma an gwada. A 2009 marigayi Umaru 'Yar'aduwa ya yi wa tsagerun Neja Delta afuwa, suka ajiye makamai, aka sa musu alawus na wata-wata. A 2020 Gwamna Bello Matawalle na Zamfara ya yi tayin shanu biyu ga duk wanda ya kawo AK-47. Hare-hare ba su tsaya a Zamfara ba, domin wanda bindiga ke kawo wa kuɗin fansa na miliyoyi ba zai musanya ta da shanu biyu ba. In ma ya kawo, tsohuwa zai kawo mai cije harsashi, ya bar ta kirki a daji.

A ganina, sayen bindiga ba tare da toshe hanyar shigowarta ba, zuba ruwa a kwando ne. Tun faɗuwar Gaddafi a 2011 makamai ke gangarowa daga Libiya ta Sahel. Abin da ya fi ci mini rai shi ne na cikin gida: rahoton babban mai binciken kuɗi na tarayya ya nuna bindigogi sama da 170,000 na rundunar 'yan sanda ba a san inda suke ba. Nan ya kamata a fara. A yi wa kowace bindigar hukuma lamba, a riƙa ƙirga rumbun makamai, jami'in da tasa ta ɓace ya yi bayani a kotu.

Sannan Bafulatanin ruga ko ɗan sa-kai da ya ajiye tasa yana bukatar tabbacin cewa ba za a biyo shi da dare a kashe shi ba. In babu jami'an tsaro a ƙauyensa, kuɗin da aka ba shi wata bindigar zai saya da su.