Tambayoyinku: Ina zan tsaya in sami sabis a hanyar daji?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni direban tirela ne, wani lokacin sai ka yi awa biyu cikin daji waya shiru ba sabis, can sai layi ɗaya ya leƙo a kan tudu ko kan kwana inda ba wurin fakin. Kwanaki na tsaya a irin wurin don in kira gida, saura ƙiris wata bas ta daki bayana. Wai me ya sa sai a tudu yake zuwa, kuma ba inda ake kafa allo a nuna wa mutum inda zai samu?

AMSA: Wa alaikumus salam, Allah Ya ƙara kiyayewa ɗan'uwa. Sigina daga ƙarfen sabis miƙe yake tafiya, dutse da duhuwar itatuwa suna tare shi, shi ya sa kana gangarawa kwari sai ya ɗauke, kana hawowa ya dawo. Kuma yana da iyaka, a tsarin GSM na asali waya ba ta iya magana da ƙarfen da ya wuce kilomita 35 ko da fili ne fetal.

Allo kuwa, akwai masu yin wani abu makamancinsa. A tsakiyar Ostireliya, wata cibiya a garin Alice Springs mai suna Centre for Appropriate Technology ta kakkafa wasu faranti irin na dish a bakin hanyoyin daji, ba lantarki ba batir, farantin ne kawai ke tattaro raunanan sigina zuwa ɗan mazaunin da za ka ɗora wayarka, ka sa sifika ka yi magana. Abin ya burge ni matuƙa. Amma ni a ganina allo shi kaɗai ba tare da fili a gefe ba tarko ne, don mutane za su riƙa cin birki a kansa. Dole allon ya zo tun da nisa, filin kuma ya ɗauki doguwar mota irin taka ta sauka daga kwalta gaba ɗaya.

Kafin a yi mana wannan, don Allah kar ka sake tsayawa a kan kwana ko bayan ƙoƙon tudu. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 duk daƙiƙa ɗaya, kafin direban ya gan ka ya taka birki ya riga ya iso. Ka wuce zuwa miƙaƙƙiyar hanya, ka sauka gefe sosai, ka kunna fitilun hazad ka ajiye alamar nan mai kusurwa uku can baya, in ya so ka tako da ƙafa zuwa tudun. In layi ɗaya ne tura tes, ya fi kira saurin fita. In kuma hatsari ne gwada 112, a ƙasashe da yawa wayar za ta bi ta kowane kamfani da ke da sabis a wurin ko da ba na layinka ba ne.