Wankin kayan shimfiɗa, da batun zuba piya-piya a bargo

Tambaya: Salamu alaikum likita. Ni uwa ce a nan Tawa, yarana uku. Tun shigowar sanyi ƙananan biyu ke kwana susa, da safe in tarar da ƙuraje a wuyansu da hannuwa. Zanin gado ina wanke shi in ya yi dauɗa, amma babban bargon nan mai auduga a ciki da aka sa mini a kayan ɗaki ya shekara biyu bai ga ruwa ba, ga nauyi ga tsadar ruwa. Maƙwabciyata ta ce in yayyafa masa piya-piya in rufe ɗaki. Hankalina a tashe yake. Sau nawa ya kamata a wanke kayan shimfiɗa, kuma yaya zan yi da bargon?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƴar'uwa. Ki fara da ajiye maganar piya-piya, zan dawo kanta, don ita ce ta fi damuna a tambayarki.

Ba ido ke auna dauɗar zanin gado ba. Gumi da maiƙon jiki da ɓawon fata suna taruwa tun zanin yana fari fes. Sau ɗaya a mako shi ne ƙa'ida. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Tawa ke haura digiri 40 mutum ya tashi sharkaf, bayan kwana uku ko huɗu. Rigar matashi ma haka, saboda man kitso. Wanda yaro ya yi wa fitsari kuwa ba ya jiran ranar wanki.

Bargo mai kauri bai buƙatar haka. Sau biyu a shekara ya isa, ɗaya daga ciki ya zama ƙarshen sanyi kafin a naɗe shi a ajiye. Dabarar da za ta rage miki kuɗin ga-ruwa ita ce ki ba tela yadi ya ɗinka masa riga irin ta matashi, ki riƙa cire ta kina wankewa tare da zannuwa. Ranar wanke shi kansa, ki kakkaɓe ƙurar hunturu tukuna, in ba haka ba laka za ki dama. Ki narkar da Omo kaɗan a babban baho, ki jiƙa shi rabin awa, ki hau ki tattaka da ƙafa. Sabulu ya yi yawa, audugar ta riƙe shi, kuma shi kansa yana sa ƙaiƙayi, don haka ɗauraya uku. Kada ki murɗe shi, audugar za ta dunƙule. Ki danne ruwan ya fita, ki shanya bisa igiya biyu iska ta shiga ta ƙasa, ki juya shi da rana tsaka. Sai tsakiyarsa ta bushe ƙayau za ki ɗauke. Sange, wato gidan sauro, shi ne banda: wanki a hankali, ba jabel, shanya a inuwa, don maganin jikinsa wanki wajen 20 aka yi shi ya jure.

To, piya-piya. Wallahi na gaji da wannan magana. Kullum sai na ji ta, daga bakin mutane masu hankali, har da masu ilimi. Abin da ake ɗurawa a ƴan kwalaben nan marasa takarda, ana yawo da su a baro ana kirari, galibi dichlorvos ne, gubar da aka yi don gona da sito. Mai tallar bai san ƙarfin abin da ya ɗura ba, bai san da me aka gauraya ba, kuma in abu ya faru ba za ki sake ganinsa a unguwa ba. Mutane na cewa ai wari ne kawai, in ya fita shi ke nan. Ba haka ba ne. Gubar na shiga ta fata da numfashi, auduga kuma tana shanye ta. Ki duba yadda yaro ke kwana cikin sanyi: ya ƙudundune, ya ja bargo har kai, awa takwas hancinsa na cikin abin da kika zuba. Jikinsa ƙarami ne, abin da zai ba babba ciwon kai kawai shi zai iya kayar da shi.

Na sha karɓar irin waɗannan yara da asuba. Yawu na dalala, gumi ya jiƙe riga cikin sanyi, ƙirji na kurari kamar ana dafa ruwa, ƙwayar ido ta tsuke kamar kan allura. Ka tambayi uwa me aka fesa a ɗaki ta ce ba komai, iska ce ta taɓa shi, har an yi masa hayaƙi. Sai ka sunkuya ka ji warin a zanin goyo. Muna da allurar atropine, tana ceto in an zo da wuri, amma awannin da aka ɓata wajen hayaƙi ba sa dawowa. Wanda ya fi wannan muni shi ne ƙwayar da ake sa wa buhun wake, da wasu ke jefawa ƙarƙashin gado. Ita iska mai guba da ake kira phosphine take saki, tana bi ta ƙofa da tsagar bango har ɗakin maƙwabci, kuma ba ta da makari ko a babban asibitin Yamai.

Abin haushin, ba lallai ma piya-piyar ta yi aikin ba. In kuɗin cizo ne, gidansu tsagar katakon gado da ɗinkin katifa, ƙwansu na ɓoye can. Ki ɗaga bakin katifa: baƙin ɗigo-ɗigo da tabon jini a zani su ne shaida. Zafi ke kashe su, ruwan da ya kai digiri 60, wanda hannu ba ya jurewa. Ki zuba wa zannuwa, ki kwance gadon ki kwarara tafasasshe a mahaɗansa, ki maimaita bayan mako. In kuwa ƙurajen na tsakanin yatsu da wuyan hannu, susar ta fi tsanani da dare, ƙazwa ce, kuma ƙwaronta cikin fata yake, ko kin zuba kwalba goma a bargo bai san kin yi ba. Ki kai su gidan likita a duba. Maganin shafawa ne, duk ƴan gida rana ɗaya, har wanda bai fara susa ba. Bargon kuma ki ƙulle shi a babbar leda mako guda, ƙwaron ƙazwa ba ya wuce kwana uku in ba jikin mutum.

Ki gaya wa maƙwabciyarki, tunda da alama ita tana zubawa: in ta ga alamun gubar nan da na faɗa a jikin yaro, a fitar da shi iska, a tuɓe masa kaya, a wanke jikinsa da sabulu. Ban da ɗura masa madara ko manja, ban da sa shi amai. A taho da shi nan take, tare da kwalbar.