Amsa: dalilin da ya sa Cotta ya raba daji bisa faɗin fili

Malam, ka tambayi dalilin da ya sa Heinrich Cotta, masanin gandun daji na Jamus, ya tsara saran daji bisa faɗin fili, alhali Georg Ludwig Hartig, tsaransa, ya tsara bisa yawan katako. Dalilin shi ne fili ana iya auna shi a zana a taswira, wani ma ya zo baya ya bincika, amma katakon da bishiya za ta bayar bayan shekara 80 kintace ne kawai. Cotta kuwa ya yi aikin awon ƙasa tun yana matashi. An haife shi a 1763 a Turingiya ta Jamus, ya koyi aikin daji wajen mahaifinsa, ya ƙaro lissafi a jami'ar Jena, ya fara koyarwa a Zillbach. A 1810 gwamnatin Sakson, wata masarauta a Jamus, ta ɗora shi kan awon dazuzzukanta, sai ya kwashi makarantarsa zuwa Tharandt kusa da Dresden a 1811, ta koma ta gwamnati a 1816.

Ga yadda lissafin yake: idan bishiya sai ta shekara 120 za a sare ta, a kasa wa'adin kashi shida na shekara 20, kowane kashi ya sami sudusin dajin. Sai dai da sharaɗi. Fili iri ɗaya ba ya ba da katako iri ɗaya idan wani ɓangaren tsandauri ne, wani kuma ƙasa mai ƙarfi, ko aka tarar yawancin bishiyoyin sa'annin juna ne. Nan za ka ga wani wa'adin katako ya yi yawa, na bayansa ya yi ƙaranci. Shi ya sa a Sakson aka riƙa sake duba tsarin duk bayan shekara 10 ana gyara rabon.